Ƙawanyar Dutsen Ƙirya

Tun da ruwa ya ɗauke Lawwali ya tsiro da wata ɗabi'a da ke ba matan Tungar Marke dariya. In an idar da sallar asuba ba ya komawa gida kamar sauran dattawa. Sai ya hau Dutsen Ƙirya da ke bayan gari, ya tsinko karan gamba guda, ya kai shi kusa da kunne ya lanƙwasa. In karan ya lanƙwasu shiru, sai ka ga ya sauko fuska a sake. Fatsuma matarsa ta ce duk ƙasar Rabah mijinta kaɗai ne ke gaida ciyawa kafin ya gaida iyalinsa.

Ba taɓuwa ya yi ba. Lawwali tsohon malamin daji ne, ya daɗe da barin aiki amma aikin ya ƙi barinsa, kuma abin da yake saurare a jikin karan nan shi ne ko da sauran lokaci. A da, kowace shekara in damina ta yi sallama, ciyawa ta fara ja amma gindinta da sauran ɗanye, manoman gari da Fulanin ruga kan fito gayya su ƙone wata siririyar hanya kewaye da hurumin dutsen. Da sassafe ake yi, raɓa ba ta bushe ba, wuta na tafiya a hankali kamar tsohuwa, mutane na biye da ɗanyun rassan sabara suna kashe gefenta. In an gama sai dutsen ya zauna cikin baƙin zobe. Gobarar rani in ta taso daga daji, sai ta iske babu abin ci ta mutu a bakin zoben. Wannan aiki shi mutanen garin ke kira ƙawanya tun kaka da kakanni.

To, tun da 'yan bindiga suka mamaye dajin gabas aka bar yi. Wa zai tara jama'a a bayan gari? Wa zai tada hayaƙi? Shekarun da suka wuce Allah ne kawai ya tsare, don ruwa bai yi yawa ba, ciyawar ma ba ta taka kara ta karya ba. Bana kuwa damina ta yi albarka, gamba ta wuce kafaɗar mutum, kyasuwa ta cike duk wani lungu tsakanin duwatsu. Kowa na kallon dutsen yana hamdala, Lawwali na kallonsa gabansa na faɗuwa.

Mutum ɗaya ne ke jin abin da yake ji, wato Gajere, babban rugar da ke gindin dutsen ta arewa. Sunan yarinta ne ya bi shi, don mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga zauren Maigari. Abotarsu ta fara ne ranar da Lawwali, yana sabon ma'aikaci mai zafin kai, ya kama shi bisa gawo yana sare wa shanu rassa, suka yi ta cacar baki har yunwa ta kama su suka zauna suka sha fura ƙwarya ɗaya. Yanzu saniyar Lawwali guda ɗaya tilo, ja ce ana kiranta Woɗe, tana cikin garken Gajere a kan amana, kamar yadda manoma suka saba.

"Lawwali, ka san daji ya hita hannunmu," in ji Gajere, ranar da suka haɗu a kan dutsen. "Wanda dut yak kai shanu can, ko shi dawo ba shanu, ko shanu su dawo ba shi. Wanga hakin, ciyawag ga ta dutse, shi kaɗai yar rage muna har ruwa shi sauka. Ranad da yac ci wuta, sai dai in kwashe in yi kudu. In niz zauna, yunwa ta tura su cikin albasam mutane, kuma ka san abin da ka biyowa baya."

Lawwali ya sani sarai. Daga nan bai zame ko'ina ba sai ƙofar Maigari Abdulmutallib.

Maigari mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Cutarsa ɗaya, bai taɓa ce wa kowa a'a ba, bai kuma taɓa cewa i a ranar da aka tambaye shi ba. Ya saurari Lawwali har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Malamin daji, maganakka gaskiya ta. Amma mutane na tsinkan wake. Bari su ƙare. Kuma ka jiyo muna bakin Hillani, in sun yarda mu mi a namu?"

Lawwali ya taka har ruga. Samarin Gajere suka ce su ba su ƙi ba, amma a wannan zamani Bafillace ya ɗauki sanda ya nufi bayan gari cikin taro ba tare da Maigari ya kira shi da bakinsa ba, ai ya sayi mutuwa da kuɗinsa. Lawwali ya dawo wa Maigari da wannan. Maigari ya ce madalla, sai dai a ji ta bakin Mujaheed, shugaban 'yan sa-kai masu tsaron gari. Mujaheed ya ce shi ba ruwansa da ciyawa, in Maigari ya ba da umurni shi ke nan. Maigari ya ce to ai yanzu an shiga dashen albasa a fadama, bari mutane su ɗan sarara.

Haka aka yi ta gara dattijo tsakanin zaure da ruga da majalisar 'yan sa-kai, har silifas ɗinsa ya tsinke ya ɗaure da waya. Babu wanda ya ƙi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da akwai wanda ya ƙi, da ya san wanda zai yi faɗa da shi. Kullum da safe kuwa karan gamba sai ƙara tauri yake yi, har wata rana ya lanƙwasa shi ya ji wata 'yar ƙara, ƙas, ƙasa-ƙasa.

Ran nan Juma'a ce. Ana sallamewa Lawwali ya miƙe a harabar masallaci, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga karan sama ya karya shi a gaban kowa.

"Ranka shi daɗe, kun ji? In makon ga yaw wuce, ko kun ce a yi ni ba ni sa ashana, don wutar ba ta jin magana kuma. Ni na hita haƙƙinku!"

Kunya ta kama Maigari a gaban jama'a, ita ce ta yi abin da roƙo bai yi ba. Nan take ya ce gobe a fito, ya aika wa Gajere da goro, ya sa a kira Bilyaminu sanƙira, mai shelar gari.

Bilyaminu tsoho ne mai son aikinsa, kuma ya yi shekaru bai yi wannan shela ba. Bayan la'asar ya rataya 'yar lasifikarsa mai batir, ya bi gari lungu-lungu yana rera ta yadda ubansa ke yi:

"Jama'a ku ji! Gobe da sahe ƙawanya! Hillani su taho ta arewa, a gamu bayan gari, a sa wuta! Kowa shi kwana da shiri!"

Lawwali na zaune a ƙofar gida yana gyara ƙotar gatari ya ji ta. Har ƙwalla ta taru masa don daɗi, kalmomin nan ne sak da ya tashi yana ji. Ko kaɗan bai tuna da unguwar bayan makaranta ba.

A unguwar nan 'yan gudun hijira ne ke zaune, mutanen ƙauyukan da aka ƙone, mafi yawa mata da yara. Ba a Tungar Marke aka haife su ba, ba su taɓa ganin an yi wa dutse zobe ba. Ƙawanya ɗaya suka sani, wadda rediyo ke faɗi, wadda aka yi wa garuruwansu kafin a cinna wa rumbuna wuta. Wata baiwar Allah Adama, da ta baro gawar mijinta a bakin rijiya, tana tankaɗe ta ji kalmomi uku sun shigo mata ta kan danga: ƙawanya, Fulani, wuta. Ba ta tambayi kowa ba, wa ke tsayawa tambaya? Ta kira ƙanenta a Rabah. Ƙanen ya kira abokinsa a Goronyo. Kafin gari ya waye maganar ta zaga ta dawo Tungar Marke da rawani, har da adadin babura da sunan wanda zai jagoranci harin. 'Yan asalin garin ma da suka ji shelar da kunnensu sai suka fara cewa, anya ba wani abu Maigari ya ji ya sakaya ba?

Lawwali bai ji ko ɗaya ba, don tun kafin rana ta fito yana gindin dutse. Gajere ya zo da mutanensa, kowa da sandarsa da reshen sabara. Daga gari kuwa tsofaffi ne kawai 'yan kaɗan. Lawwali ya yi tsaki, ya ce halin mutanenmu ke nan, sai an ci rabin aiki su zo suna gyaran wuyan riga. Raɓa ba ta jiran kowa, ya yi bisimilla ya ƙyasta.

Kai, aiki ya yi kyau! Wuta ta kwanta tana bin layi, samarin ruga na dukan gefenta suna wa juna tsiya, tsofaffin gari na nuna musu inda ake karkatawa a kauce wa ƙirya. Suka ɗauko daga arewa, suka zagayo yamma ta gefen gari inda rumbuna da tarin harawa suke, suka gangara kudu. Lawwali na gaba, riga ta jiƙe, yana ta ihu a kashe can, a bari nan. Rabon da ya ji ƙarfi a jikinsa haka har ya manta. Saura gefen gabas kawai, mai kallon daji, wanda shi ne dalilin aikin gaba ɗaya, don daga nan iskar rani ke zuwa.

Gajere ne ya fara tsayawa. Da yake ya fi kowa tsawo, shi ya hango.

"Lawwali, mi ka hwaruwa garinku?"

Lawwali ya hau kan wani dutse ya duba. Mata ne ke keta fadama a guje, goyo a baya, ƙullin kaya a ka, suna tattake albasar da aka dasa jiya. Wani tsoho ya faɗi cikin kwalbati ana jansa. Ta ɗaya gefen kuma babura ne suka taso, ba na garin kaɗai ba, har da 'yan sa-kan maƙwabta da aka kira gudummawa, kowa da bindiga a saɓe.

Kafin ya sauko sun iso. Baƙin da ke cikinsu ba su san kowa ba, abin da suka gani shi ne hayaƙi da Fulani riƙe da sanduna. Aka ɗaga bindigogi. Samarin ruga suka ja baya suka dunƙule, wani ya kai hannu ƙugu. Lawwali ya ruga ya shiga tsakani, reshen sabara a hannunsa, yana haki.

"Mujaheed! Kai ɗan nan, ba da kai anka yi magana ba? Ba gabanka Maigari yac ce a hito ba?"

Mujaheed ya kasa haɗa ido da shi. "Baba, na sani. Amma gari ya watse. An ce an yi muna ƙawanya, mutanen ga tun daga nesa sunka taho, ba su jin komi. In hayaƙin ga bai mutu ba yanzu, wallahi ba ni iya riƙe su."

"Ƙawanyar haki ta! Haki! Saura kaɗan, ɗana. Ku tsaya nan da bindigoginku ku kalla, kahin hantsi mun haɗe ta."

"Baba, kashe ta."

Lawwali ya dubi gabas, inda gamba ke tsaye tana kaɗawa. Ya dubi yatsan wani baƙon saurayi da ke kan kunamar bindiga, bakinta na kallon ƙirjin Gajere. Ya juya ya shiga dukan wutar da ya yi wata guda yana roƙo a bar shi ya kunna. Yana duka yana hawaye, ya bar mutane su ɗauka hayaƙi ne.

Da yamma aka tattaro mata daga fadama. Adama ta zo har gida ta durƙusa gaban Fatsuma tana kuka, ta ce ita ce ta jawo. Lawwali na ciki yana ji, ransa na tafasa, ya fito da niyyar faɗa. Da ya gan ta a durƙushe sai faɗan ya maƙale. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi. Ya ce mata ta tashi, ba ta yi komai ba. Haushin ya rasa inda zai sauka, ya koma masa ciki.

Washegari ya je wa Maigari a kan a ƙarasa, ko da mutum goma ne, ko da 'yan sa-kai ne za su riƙe rassan.

"Haba malamin daji, ba ka ga abin da yaf faru ba? Bari hankali shi kwanta. Kuma don Allah kalmag ga a bar hwaɗinta cikin gari."

Aka hana kalmar, aikin ma ya bi ta. Samarin ruga suka rantse ba su ƙara kusantar bayan gari, kuma wa zai ga laifinsu? Lawwali ya ɗauki fartanya da lauje ya koma gefen gabas shi kaɗai, wai zai share da hannu abin da wuta ba ta ci ba. Ƙasar wurin tsakuwa ce da marmara, fartanya na sara tana tsalle. Wani lokaci Gajere kan zo ya kama masa, tsofaffi biyu suna sara suna nishi. In sun yini, abin da suka share bai fi a shanya dawa a kai ba. Masu wucewa zuwa kasuwar Rabah kan tsaya su ce sannu da ƙoƙari, su wuce. Karan gamba kuwa yanzu ba sai an kai shi kunne ba, taɓa shi kawai za ka yi ya karye.

Wutar ta zo wata rana da azahar, iska na busowa daga gabas. Har yau ba a san wanda ya tada ta ba, wasu sun ce masu haƙon gafiya ne, wasu sun ce masu ɗibar zuma, wasu sun ce mutanen daji ne suka yi girki suka tashi. Lawwali na alwala ya ji ƙarar, kamar ana yayyaga sabon yadi. Ta tsallake 'yar sharar da suka yi ba ta ma san da ita ba, ta shiga ta ƙofar da aka bar mata, ta haye dutsen.

Sai ga gari ya fito. Kowa da kowa, manoma da 'yan sa-kai da 'yan gudun hijira da samarin ruga, kafaɗa da kafaɗa, da rassa da bokitai da buhunan da aka jiƙa. Mujaheed na gefen ɗan Gajere suna duka tare. Adama na ɗauko ruwa a ka tana gudu. Gayyar da Lawwali ya tsinka takalmi yana nema, ga ta nan ta haɗu da kanta babu sanƙira babu goro. Ihu bayan hari. Wutar rani ba a dukanta da reshe, ko kusa da ita ba a iya zuwa. Ta cinye gamba, ta cinye kyasuwa, ta kama tsofaffin ƙirya suna ci kamar an zuba musu mai. Da ta gangaro yamma ta nufi gari, sai ta iske baƙin zoben nan, ta tsaya cak a bakinsa ta mutu. Ko dami ɗaya na harawar gari bai ƙone ba.

Jama'a suka yi ta kabbara. Maigari ya ratso taro ya kama hannun Lawwali da hannu biyu, fuskarsa cike da murna ta gaskiya.

"Malamin daji, Allah shi yi ma albarka! Ka ga aikinka ya tsare muna rumbuna. Baɗi in Allah ya kai mu, da wuri za mu yi ta. Kai dai ka tuna muna."

Lawwali ya waiwaya ya dubi dutsen da ya ƙone. Ya zare hannunsa ya bi ta cikin toka ya tafi gida.

Ba a yi mako ba, wata safiya ya ji sallama a ƙofa. Gajere ne tsaye, malafa a ka, gora a rataye, igiya a hannu. A ƙarshen igiyar Woɗe ce, cikinta ya fito. Can bayan gari ana jin kukan shanu da na jakuna, an ɗaure kaya.

"Ga amanarka, Lawwali. Tana da ciki, ka kula da ita."

"Tahi da ita. Ni mi za ni ba ta? Ka tahi da ita, in ka dawo..."

"In na san ina dawowa, ai ba ni kawo ta."

Ya ɗaure igiyar a jikin turken da ke ƙofar gida, ya gwada ƙullin sau biyu kamar yadda ya saba. Suka yi musabaha, suka daɗe ba su saki ba. Gajere ya ce a yafi juna, Lawwali ya ce babu komai sai alheri. Dogon mutumin ya juya ya bi hanyar kudu bai waiwayo ba.

Woɗe ta ja igiya ta bi shi da kuka. Garken na nisa tana amsa musu, har aka daina jin su ita ba ta daina ba. Fatsuma ta kawo mata ruwan tsari ta ƙi sha. Lawwali ya tsaya ya dubi dutsen, baƙi ƙirin tun daga gindi har ƙoli, babu abin da akuya za ta tsinka. Ya dubi dangar gidansa, zana ce ta gambar dutsen da ya saƙa da hannunsa bara. Ya sa hannu ya zaro kara guda, ya ƙara zaro wani, har ya cika tafi, tsakar gidansa ta fara bayyana ga masu wucewa. Ya miƙa mata. Ta sunsuna, ta kau da kai, ta ci gaba da kallon kudu.